Rigar da Baba Ya Hana Baƙo

Baba yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana gasa mana aya a hannu a gidanmu na Ƙofar Kuyambana: in baƙo ya yaba abu, to ya zama nasa. Ta haka muka rasa agogon bango da butar tagullar kakanmu.

Saura wata guda bikina, yayana da ke karatu a Malesiya ya bugo waya, wai abokansa biyu 'yan can ƙasar za su zo ganin gari, a sauke su. Samari ne masu kunya, ɗaya dogo, ɗaya gajere mai tabarau. Aka share musu ɗakin shigifa, aka naɗa ni ɗan rakiya kuma tafinta. Ashe yayan nan nawa, Allah ya shirye shi, Hausa ɗaya tak ya koya musu: "Kai, wannan ya yi kyau!"

Ranar farko dogon ya faɗi haka a kan dardumar Baba, Baba ya naɗe ya miƙa masa. Kafin kwana uku ɗakinsu ya koma kamar rumfar 'yan gwanjo, ga rediyo, ga faifai, ga kujera 'yar tsuguno. Na ja su gefe na yi musu bayani da Turanci, suka rantse sun daina. Ina! Bakinsu ya riga ya saba. Inna ta tura kwanukanta masu kyau ƙarƙashin gado, ta koma aiko musu tuwo a tsohuwar samira mai lamba. Gajeren ya yaba ita ma.

Ni duk wannan bai dame ni ba. Fargabata riga ce. Baba maɗinkin hannu ne, idonsa ya yi rauni har ya daina karɓar aiki, amma wata takwas ke nan kullum da hantsi yana zaure yana ɗinka wata babbar riga mai adon aska takwas. Ni nake zura masa zare a allura. Bai taɓa ce mini tawa ce ba, Baba ba ya irin wannan magana da 'ya'yansa. Inna ce ta tsegunta mini cewa ta angoncina ce.

Don haka da sassafe nake kwashe baƙin, ba ma dawowa sai bayan la'asar, lokacin an ninke rigar. Na kai su marina, na kai su kasuwa, na kai su Ƙofar Kibo. Guntun ganuwa guda na nuna musu sau uku, kullum ta wani gefe. Da wuraren suka ƙare, sai na zaunar da su gidan gwaggona a Tukur-Tukur, suka sha fura har suka gaji.

Rana ta biyar hadari ya koro mu gida tun kafin azahar. Ga Baba a bakin zaure yana bin ɗan hasken da ya rage, rigar shimfiɗe a cinyarsa. Dogon ya durƙusa, ya daɗe yana kallon ɗinkin. Na taka masa ƙafa, bai ko ji ba. A hankali ya ce, "Kai, wannan ya yi kyau." Wannan karon har zuciyarsa ya faɗa.

Allurar Baba ta tsaya. Ya dubi baƙon, ya dubi rigar, ni kuwa bai dube ni ba.

"Gaya masa na gode," in ji shi. "Gaya masa wannan ta ɗana ce. Ba zan iya ba."

Tunda nake ban taɓa jin Baba ya hana baƙo komai ba. Ga shi ni ne tafinta, dole maganar ta sake bi ta bakina. Na fara, na kai kan "ɗana", sai na dakata. Daɗi da kunya suka rufe ni, na juya ina kallon ruwan da ya fara sauka.

Baba ma kunyar ta kama shi. Ya yi gyaran murya, ya nuna ragon da aka ɗaure don walima, ya ce, "Amma tambaye shi ko wancan ya yi masa kyau." Dogon ya sa hannu biyu ya toshe bakinsa.

Rigar tana nan a akwatina. Ɗinkin ɓangaren hagu ya ɗan karkace, nan ne inda idon Baba ya ƙarasa gazawa. Sau biyu tela ya ce in kawo ya gyara, na ce ya bar mini abina.