Tsakuwar da Ba Ta Yi Zafi Ba

A zamanin da na tashi, duk abin da kake son ya ji maganarka sai ka ɗaura masa igiya. Jaki da igiya, guga da igiya, kwalekwale da igiya, har mutumin da ya nitse cikin gulbi neman kifi akwai igiya a ƙugunsa. Yanzu kuwa na ga saurayi zaune a bakin shago a Wurno yana juya 'yan ƙwallo goma sha ɗaya cikin talabijin, ba ko zare tsakaninsa da su. Na zauna Kumasi, na zauna Abijan, na yi shekaru a Sudan da Jidda, na ga abin mamakin da ya fi wannan. Amma babu wanda ya tono mini maganar ƙanena Arzika kamar wannan ɗan abin wasa. Arzika ya yi fiye da shekara yana kirana yana mutuwa, ni kuwa ina can ina cewa lafiya yake.

Shagon na jikana ne, Bashar. Yana kusa da tasha, akwai talabijin biyu na wasan ƙwallo, da benci uku, da sola a kan rufi. 'Yan kabu-kabu ne suka fi zuwa idan rana ta take, fasinja ya yi wuya. Abin da ake riƙewa ana dannawa, hannu suke ce masa. Wata rana na biya na zauna, na ga sababbin da ya sayo ba su da waya.

Na ce, "Kai Bashar, wanga hannu ina wutsiyatai?"

Ya ce, "Tsoho, an wuce nan. Mai waya kullum sai wani ya yi tuntuɓe da ita ya jawo mani inji ƙasa. Sau biyu ina kai gyara Sakkwato. Kuma mutum shi manna ido ga talabijin awa zai shige ciki. Wanga ko, ka zauna bakin ƙohwa kana shan iska, kana kallon babur ɗinka."

"To mi al laihinai?"

"Tsada. Sai caji. Kuma shina shiga aljihu. Guda biyu sun raka mutane gida, har yau ba su gane hanya ba."

Muna cikin haka, wani ɗan kabu-kabu mai suna Nasiru, wanda ke kan gaba a wasan, ya fara danna hannunsa da ƙarfi. Ɗan wasansa ya tsaya cak a tsakiyar fili, ƙwallo a gabansa, abokin karawarsa ya zo ya ɗauke ya zura a raga. Nasiru bai daina dannawa ba. Ya girgiza abin, ya buga shi a cinya, ya sake dannawa.

Bashar ya ce, "Bari wahal da yatsa, caji ya ƙare."

Nasiru ya ce, "To don mi bai hwaɗi ba? Ni ina ta kira, ashe ba mai ji."

Aka yi ta yi masa dariya. Ni ban yi ba. Na ji ƙamshin hayaƙin banda a hancina, wanda na rabu da shi fiye da shekara hamsin.

Mu Sarkawa ne, masunta. Ƙauyenmu yana bakin Rima, ba nisa da Taloka, tun ba a yi madatsar ruwa ta Goronyo ba. Uwarmu ta rasu muna ƙanana, kakarmu Inna Ige ce ta riƙe mu, ni da Arzika. Ita ke yi wa gidan banda. Bayan sallar isha'i takan zauna gaban murhun bandar tana juya tarwaɗa a kan ragar ƙarfe, mu kuma mu matso saboda ɗumi da kuma kawunan kifin da take tsinto mana. Idonta kullum ja saboda hayaƙi, shi ya sa ba ka iya gane ko labarin ne ya sa ta hawaye. Ni takan ce mini "mijin banza", don ba na zama wuri ɗaya. Arzika kuwa "maigida" take ce masa.

Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta buga sandar juya kifi a ƙasa ta ce, "Ga baƙuwa bakin ƙohwa." Mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Ta ce an yi waɗansu 'yan'uwa biyu masunta, wa da ƙane. Ƙanen ne mai nitso. Yakan ɗaura igiya a ƙugu ya shiga gurbi mai zurfi inda manyan kifaye ke kwana, wan kuma ya tsaya a gaɓa riƙe da bakin igiyar. In an ja sau ɗaya, a ƙara saki. In an ja sau biyu, a jawo shi. In kuma igiyar ta yi lakwas, ba motsi, wan ba ya jiran komai, sai ya ja da iyakar ƙarfinsa.

Dukansu biyu sun tsani igiyar. Mai nitso ya ce tana sarƙewa a saiwa, tana hana shi kaiwa ramin giwan ruwa. Mai riƙo ya ce ta cinye masa tafin hannu, ta mai da shi turke, rana na dukansa tun safe har la'asar. Ran nan wata tsohuwa ta fito daga cikin ruwa, ta ce ta gaji da jin ƙorafinsu. Ta ba su farar tsakuwa biyu, kowa ɗaya. In mai nitso ya matse tasa, ta wansa za ta yi zafi kamar garwashi, duk inda yake, sai ya sheƙo ya ciro shi. Sharaɗi ɗaya ne: kowace safiya a shanya su su sha rana.

Inna Ige ba ta ɓoye alherin tsakuwar ba. Ta ce mai nitso ya kai inda ba wanda ya taɓa kaiwa, ya fito da giwan ruwan da sai mutum huɗu suka ɗauka. Wan ya koma inuwa yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Da ya ga kwana da kwanaki tsakuwa ba ta yi zafi ba, ya kama ɗan lambu a bayan gari. Da lambu ya yi kyau, ya fara kai albasa kasuwa. Gida ya cika da hatsi, tafin hannunsa ya warke.

Sai marka ta zo. Kwana uku hadari bai buɗe ba, rana ba ta fito ba. Tsakuwar kuwa, ko ta sha rana ko ba ta sha ba, kamarta ɗaya. A rana ta huɗu ƙanen ya nitse, ƙafarsa ta shige tsakanin saiwoyin wata bishiya da ruwa ya kayar. Ya matse tsakuwa. Wan yana kasuwa yana ciniki, ya sa hannu aljihu ya taɓa tasa, ya ji ta sanyi ƙalau, ya ce wa mai sayen albasa, "Ƙanena lahiya lau shike."

A nan takan tsaya ta juya kifi, ta bar mu da ƙarar mai yana ɗiga a wuta.

Ta ce bayan kwana biyu gawa ta taso. Da aka zo wanka aka kasa buɗe hannunsa na dama, da tsakuwar aka binne shi. Wan kuwa ya rayu har ya tsufa, kullum hannunsa cikin aljihu. Ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Baƙuwa ta tahi, wanda ta bar ma kaya shi ɗauka."

Na tuna na ce, "Inna, ai ba laihin tsakuwa ba na. Laihin hadari na."

Ta ce, "Ji shi, mijin banza. Hadari ya taɓa ɗaukam ma wani alkawari?"

Arzika, wanda ba ya yawan magana, ya ce, "Inna, da igiya ta, da ya ji?"

Ta ce, "Da ya ji, maigida. Igiya ko ta yi shiru, hannu na jin shirunta."

Shekarun farko na fitata, cin rani kawai nake zuwa. Damina na faɗuwa ina gida, in ga kowa da idona, kowa ya gan ni. Inna Ige ta rasu ina riƙe da ƙafarta. Da aka fara aikin madatsa na samu aikin yaron mota wurin masu kwasar ƙasa, daga nan na bi wani direba kudu, daga kudu na ƙetare iyaka. Arzika ya zauna. Ruwan Rima ya koma bin lokacin da aka ɗiba masa, guraben da muka sani waɗansu suka cike, nitso ya mutu. Aka ba shi fili a wurin noman rani wajen Wurno, ya koma shinkafa da tafarnuwa. Ba zan ce bai samu ba. Ya yi rufin kwano, ya aurar da 'yarsa ta fari.

Zuwana na ƙarshe kafin in wuce Jidda na kawo masa rakoda. Ba ya karatun boko, ni kuma ajamina ba kowa ke iya karanta shi ba, sai muka koma kaset. Akwai wani Alhaji mai fataucin turare da ke zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Jidda sau uku ko huɗu a shekara, shi ke ɗaukar mana. Ban taɓa jin daɗin wani abu kamar wannan ba. Ina ɗakina a ƙasar Larabawa, in danna, in ji Arzika yana gaya mini farashin taki, zakara na cara a bayansa. Na ce ai nisa ya ƙare. Na daina lissafin ranar komawa.

Sai kaset ya daina zuwa. Wata uku, na ce aikin gona ne. Wata shida, na ce ai da wani abu ya faru da an aiko. Na faɗa wa kaina wannan magana da Hausa, na faɗa wa abokan aikina da Larabci, har na taɓa faɗa wa wani mutumin Mali da Faransanci, kuma a kowane harshe daidai take fita, kamar gaskiya. Ban nemi Alhajin ba. Ban san ciwon ƙafa ya zaunar da shi a gida ya bar fatauci ba. A lokacin ina ganin ni ne mai nitso, ni da na yi nisa cikin duniya, Arzika ne a gaɓa. Ban taɓa kawowa a raina cewa mutum yana iya nitsewa a ƙofar gidansu ba.

Wani alhaji daga Rabah ne ya yi mini gaisuwar mutuwar Arzika a Makka, yana tsammanin na sani.

Da na iso gida matarsa ta gaya mini tsargiya ce ta daɗe a jikinsa, saboda shiga ruwan gona kullum, har cikinsa ya kumbura. Ta ɗauko wani gwangwanin madara babba ta ajiye a gabana. Kaset uku ne a ciki, an naɗe su da tsumma. Ta ce, "Ya yi ta yi maka magana, Yaya. Mai kaiwa na babu."

A na farko yana wasa, yana cewa ya yi tumbi kamar ɗan kasuwa. A na biyu ya ce in samu hali in zo in kai shi asibiti Sakkwato, don shi bai san kan birni ba, kuma ba ya son ya ɗora wa surukinsa. Na ukun ya ɗauke shi ne batir ya kusa mutuwa. Wanda ya san rakoda ya san abin da ke faruwa: zaren yana tafiya a hankali lokacin ɗauka, in ka sa shi da sabon batir sai murya ta fito da sauri, siririya. Abin da na ji muryar yaro ce. Muryar Arzika ɗan shekara bakwai a gaban murhun banda. Yana cewa, "Yaya, ina ta matsawa. Ko ba ta yi zahi ba?"

Ban sake sa wannan kaset ba, ban kuma yar da shi ba.

A shagon Bashar, Nasiru ya karɓi wani hannun ya ci gaba da wasa, ya rama cin da aka yi masa. Na tambayi Bashar ko zai koma masu waya. Ya ce a'a, masu wasa ba za su yarda ba, kowa ya saba da sakewa. Abin da ya yi bayan sati guda shi ne ya ɗaure kowane hannu da igiyar guga a ƙafar benci, saboda masu aljihu. Na ce masa wannan ta hana sata, ba ta hana shiru ba. Ya ce, "Tsoho, kai dai ka cika wa'azi." Amma na lura yanzu kowace safiya yakan ɗauki hannayen ɗaya bayan ɗaya ya gwada, kafin kowa ya zo.

Ni ma abin da ya rage mini ke nan. 'Yar Arzika tana aure a Magarya. Tana da salula, ina da ita, 'ya'yana suna cewa in kira kawai, hanya ba ta da kyau ga mai shekaruna. Duk Juma'a bayan an sauko nakan hau bayan babur in je in ga fuskarta, in duba idon 'ya'yanta, in dawo.

Ban ce a koma ɗaura wa mutane igiya a ƙugu ba. Na ga hannun mai riƙo, na san yadda take ci. Amma a da, in naka ya yi shiru, hannunka ne ke fara sani. Yanzu shirun mai lafiya da shirun mai mutuwa kamarsu ɗaya, sai wanda ya tashi ya je ya duba. Wannan ya riga ya canza, kuma ba zai koma ba.