Shatin Yatsun Mama Natan

A Angwan Iya, in ka ce Filomina ba lallai a gane ba, amma in ka ce Mama Natan mai wanki, ko baƙo zai nuna maka gidan. Tun tana budurwa ta baro ƙauyensu na wajen Garaku ta shigo Keffi, kuma tun daga ranar hannunta bai bushe ba. Da wanki ta yi jinyar mijinta har ta binne shi, da wanki ta raini ɗanta Natan, wanda ya tafi Abuja neman aiki, yanzu sai a daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba.

Ita fa ba ta yarda a haɗa ta da masu dirzar kaya kamar suna ramuwar gayya ba. Leshi da siliki da mayafi mai duwatsu, a ruwan sanyi take jiƙa su, ta murza a hankali. Ba ta matsewa, sai dai ta naɗe su cikin tawul, ta shanya a inuwa a baibai. In Kirsimeti ya matso, har rububinta matan ma'aikata suke yi.

Sai shagunan wanki da inji suka cika gari, masu kawo mata kaya suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ciwo, sabulun soda ya cinye mata hannu. Yatsun sun yi kaushi sun tsattsage, in ta shafi leshi sai ta ji zare yana maƙalewa. Mutum ɗaya ta rage mata, Adaobi mai shagon kwanuka a Gangaren Tudu, kuma da wankin gidan Adaobi take ɗora tukunya.

Wata Asabar Adaobi ta zo da joji, zanen nan mai sulɓi da zaren zinariya da matan Ibo ke ji da shi.

"Mama Natan, na mamana ne, ta mutu ta bar mini. Zan ɗaura a bikin ƙanwata. Inji ba zai taɓa shi ba, sai ke."

"Kar ki damu, Madam," in ji Filomina, tana ɓoye hannu cikin zani.

Tsoro ya kama ta, don ta san yatsunta za su tsefe zaren. Ta yi kwana da kwanaki tana dirka musu man kaɗe har suka yi laushi. Ranar wankin ta wanke hannu tas da sabulu, ta wanke jojin, ko zare ɗaya bai tashi ba. Har waƙar coci ta yi don murna.

Ashe man ya maƙale cikin tsagar fatar. Da zanen ya bushe, sai ga shatin yatsunta baƙi-baƙi duk inda ta kama. Ita da ke faɗa wa maƙwabta cewa maiƙo da siliki ba sa ga maciji! Ta barbaɗa hoda, ta goga alli, tabon sai ƙara faɗi yake.

Adaobi ta zo, ta ware zanen, ta daɗe tana kallo. Filomina ta so a ce zaginta Adaobi ta yi, don zagi yana wucewa. Amma Adaobi hannuwanta ta kama ta juya su.

"Chineke! Mama, haka hannunki ya zama? Ai ke kin gama wanki. Ki huta, kin ji?"

"Madam, ko zannuwan gado ne, ko labule..."

"A'a. Allah ya kiyaye in ƙara ba ki wahala."

Ta naɗe jojinta ta tafi tana share hawaye, ba ta ƙara aiko ko hankici ba.

Har yau duk Asabar Filomina takan cika baho da ruwa ta zauna tana duban ƙofa, sai rana ta yi tsaka ta kwarar. Murhunta kan wuni ba wuta. Hannun kuwa ya warke, ya yi laushi sumul.