Wuyan Lawal a Wayar Kabir

Cikin shekarun da na yi ina tuƙa keken kwamfuta a shagon Alhaji Sada, akwai wata Alhamis da ta ƙi fita raina. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan kun sha jin teloli na tsokanata da ita, to gara ku ji daga bakina kafin su ƙara mata gishiri.

Shagon yana nan Ƙofar Marusa. Teloli masu yanka da ɗinki suna gaba, mu masu aikin wuya muna ɗakin baya. Ga wanda bai san aikin ba, keken kwamfuta ba ya ƙirƙirar komai da kansa. Kai ne za ka zana dizayin a kwamfuta, ka nuna inda allura za ta bi, ka zuba a filas, ɗan abin nan na ajiyar fayil, ka soka a jikin keke, ka ɗaure shadda a firam, shi kuma ya bi abin da ka ba shi. Danna maɓalli kowa ya iya. Abin da ya bambanta mai keke da mai keke shi ne abin da ke cikin filas ɗinsa.

Ni ne babba a ɗakin. Filas ɗina ɗan baƙi ne mai giga takwas, na zura masa zare na rataya a wuya kamar laya, kuma aikina na kusan shekara goma yana ciki. Akwai guda ɗaya da ya yi suna har mutane suka raɗa masa wuyan Lawal: cikakken aiki mai sarƙa biyu da ke haɗuwa a ƙirji su gangara har bakin aljihu. Manyan mutane ke sa shi. Ba na barin ko ɗaya a kwamfutar shago. In na gama zane sai in tura filas, in goge, in bi kwandon sharar kwamfutar in zubar. Dalilina kuwa, akwai masu sayar da dizayin a gari, da zarar naka ya faɗa hannunsu gobe ka gan shi a wuyan kowa.

Da Alhaji ya sayi keke na biyu sai ya ɗauko Kabir. A Kano ya koyi aiki, ƙanina ne a shekaru, amma magidanci ne da 'ya'yansa. Ba shi da wani laifi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Kullum shi zai riga ni gaisuwa, Yaya Lawal sama, Yaya Lawal ƙasa. Aikinsa siriri ne, layi biyu ko uku, kai ka ce zare ne ya ƙare masa. Amma samari suka riƙa zuwa da hoton aikin nan a waya suna cewa irinsa suke so. Alhaji da ya saba in ya leƙo ni yake fara kira, sai ya koma "Ina Kabir?" Kishi na ji, mai zafi kuwa, har shayin safe ya daina yi mini daɗi a ɗakin nan.

A makon da nake ba ku labari, wani babban ma'aikacin gwamnati, Malam Bishir, ya kawo ankon auren ƙanensa. Shadda ce ruwan toka, riguna wajen ashirin, ɗaurin aure ranar Asabar. Da bakinsa ya ce wuyan Lawal yake so, a gaban Kabir kuwa, abin da ya yi mini daɗi ƙwarai. Aka yi alkawarin Juma'a da yamma. Ranar Laraba na soka filas a kwamfutar shago na daidaita girman dizayin da ƙirjin masu jiki, ban san ɗan Alhaji ya kwana biyu yana zuba finafinai a cikinta ba.

Alhamis da safe na ɗaure rigar farko, na soka filas, keke ya nuna babu komai. Na cire na hura masa iska na mayar, babu. Na jira Kabir ya fita ban-ɗaki na gwada a kekensa, nan ma haka. Da na kai shi kwamfuta sai na ga duk jakunkunan dizayin sun koma wasu alamu masu ɗan kibiya a gefe, ka danna ba abin da zai buɗe. Bairos ne ya shiga.

Hantsi ya ɗaga, Alhaji ya shigo. "Lawal, lahiya? Mi ya sa keke shiru tun sahe?"

Na yi masa bayani.

"To ai sai ka ɗauko kwafi."

"Babu kwafi, Alhaji."

"Shekara goma, babu kwafi?"

"Ka san halin mutane, Alhaji."

Ya dube ni, ya dubi tulin shaddar Malam Bishir da aka riga aka yanka. Ya ce a kai wa masu kwamfuta na bakin titi. Na ce ai su ne ke sayar da dizayin, gara in jefa shi rijiya.

Duk wannan Kabir na gefe yana canja zare, sai ya sa baki. "Yaya Lawal, kayanka suna nan, bairos ɗin ɓoye su ya yi. Waya ba ruwanta da wanga ɓoyo, za ta gan su. A kwashe su cikin waya, a wanke filas ɗin, a maida."

Wanke filas shi ne abin da masu kwamfuta ke kira fomat: a share komai da ke ciki, da mai kyau da maras kyau, ya koma kamar sabo. A kwamfutar shago ba zai yiwu ba, don ita ce mai cutar, kana gama wankewa za ta sake shafa masa. Ni kuma na taɓa jin wani mai gyaran waya yana cewa waya ba ta wanke filas sai an yi mata rutin, wato an fasa makullin da kamfani ya sa mata. Na jefa masa wannan da ƙarfi, don Alhaji ya ji ni ma na san wani abu.

Kabir ya ce, "Da ke nan, Yaya. Yanzu ba sai an taɓa ta ba." Ya zaro wani ɗan guntun abu daga aljihu, baki ɗaya na waya, ɗaya na filas, ya ce sunansa OTG.

Na ce to a yi da wayata. Aka soka, tsohuwar wayata ko gezau. Ta Alhaji bakinta daban ne. Teloli duk ƙananan wayoyi gare su, mai babba guda ɗaya tasa ta cika maƙil da bidiyon biki. Saura ta Kabir.

Ana cikin haka Malam Bishir ya bugo wa Alhaji yana tambayar ina aka kwana. Alhaji ya ce aiki na tafiya, ya kashe, ya juyo kaina. "Lawal, ni ba ni jin kunyar mutumen ga saboda kai. Ko ka ba shi filas, ko in kira in ce a yi haƙuri a sa aikin Kabir. Zaɓi guda."

Gaba kura, baya sayaki. In na hana, ankon da aka kawo da sunana ya koma hannun Kabir. In na bayar, abin da na shekara ina ɓoye masa ya shiga wayarsa da izinina. Na ciro zaren daga wuyana na miƙa, amma ban saki ba sai da ya ɗan ja.

Ku lura da yadda ya yi, don wata rana zai yi muku amfani. Yana sokawa waya ta nuna an haɗa filas. Ya buɗe wurin da take jera fayil, sai ga jakunkunana reras, kowace da sunan da na sa mata. Ya zaɓi su kaɗai, ya bar masu kibiyar nan da wasu baƙin fayil da ban san su ba, ya kwafa cikin waya. Ya sa na duba na tabbatar babu wadda aka bari. Sannan ya shiga saitin wayar, ya shiga wurin ajiya, ya taɓa sunan filas, ya danna ɗigo ukun nan na sama, ga fomat a rubuce. Waya ta yi gargaɗi cewa komai zai goge. Ya ce ƙaramin filas irin nawa waya kan wanke shi a tsarin da keke ke karantawa, manya ne wani lokaci suke ba da wahala. Ya miƙo mini. "Kai za ka danna, Yaya, kayanka ne."

Na yi bisimilla na danna. Kafin in sauke numfashi an gama. A wannan lokacin duk duniya babu inda wuyan Lawal yake sai cikin wayar Kabir.

Sai wayar ta yi ƙara. Ya duba ya ce maiɗakinsa ce, ya zare filas ya ajiye, ya fita da waya a kunne.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na bi shi har bakin shago, na tsaya kamar mai shan iska, idona na kan yatsunsa. Zuciyata na ce mini yanzu zai tura wa wani abokinsa a Kano, kafin la'asar an buga shi a kasuwar Kwari. Shi kuwa maganar cefane yake, wai a saya wa yara kifi ko a bar su da wake. Wani tela ya ɗago ya ce, "Oga Lawal, kai ma gaisawa za ka yi da ita?" Shago ya ɗauki dariya. Tsokanar da kuke ji har yau daga nan ta samo asali.

Ya dawo ya mayar da jakunkunan cikin filas, ya danna inda ake cirewa lafiya kafin ya zare. Na soka a keke, ga dizayin sun fito. Allura ta fara sauka a kan shadda ruwan toka. Alhaji ya dafa kafaɗar Kabir ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ka hidda mu kunya." Ni mai dizayin ko kallo ban samu ba.

Amma hankalina ba a nan yake ba. Na san abin da zai biyo baya. A sana'ar nan wanda ya yi maka irin wannan taimako ba kuɗi yake nema ba, cewa zai yi, "Yaya, a bar mini ko guda biyu mana." Tun allura na tafiya nake shirya amsa. Zan yi murmushi in ce, Kabir, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Na maimaita ta a raina har ta zauna daram.

Alhaji na fita sai Kabir ya miƙo mini wayar. "Yaya Lawal, goge da hannunka." Na goge. Ya ce, "Saura kwandon shara," ya nuna mini inda yake, abin da ni ban ma san waya na da shi ba. Na zubar. Ya karɓi wayarsa ya koma kekensa yana ɗaure wata farar shadda.

Na jira roƙon, bai zo ba. Na yi gyaran murya na ce, "Ka dai ga kayan da yawa."

"Ma sha Allah, Yaya. An sha aiki."

"Babu wanda ya ba ka sha'awa a ciki?"

Ya ɗago da fuskar nan tasa da ba ta san ba'a ba. "Ai aikin manya ne, Yaya Lawal. Mutanena ba su sa irinshi, sun ce yana yi masu nauyi ga ƙirji. Ka san kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Har karin maganar da na tanada, shi ya faɗe ta. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Juma'a da yamma Malam Bishir ya karɓi kayansa, ya yaba, ya yi godiya. A nan na ji cewa shi angon, da yake yaro ne, tasa rigar daban ya kawo tun farko, aikin Kabir ya sa. Washegari na je Babbar Kasuwa na sayi filas na biyu da OTG da wayar da ke karɓarsa, a rumfar da na tabbata Kabir ba ya zuwa. Ku ma ku yi kwafi biyu, kada ku soka filas ɗin aiki a kwamfutar da kowa ke taɓawa. Wannan shi ne darasin da Alhaji ke so in gaya muku.

Nawa darasin daban ne. Wata da watanni bayan nan, duk Juma'a in na shiga masallaci wuyan rigunan mutane nake bi da kallo, sahu sahu. Ce wa kaina nake ɓarawo nake nema, ko Kabir ya yi dabara ya ajiye wani kwafi. Na ga siririn aikinsa a wuyan samari ba adadi, har na waɗanda suka kwaikwaya ba su iya ba. Nawa kuwa sai a jikin waɗanda ni na ɗinka wa da hannuna, yawancinsu da furfura. A sana'ar nan wanda ake yi wa sata shi ke tashe. Ni na ba da makullin rumbuna ga mutumin da na fi tsoro, ya shiga ya share mini shi tas, ya fito bai ɗauki ko zangarniya ba.