Sojan da Baffa ya yi jinya

Jiya a asibiti aka kawo wani dattijo da ciwon suga ya cinye wa yatsun ƙafa. Ina naɗa masa bandeji sai na tuna Baffa, yayan mahaifina, wanda muka binne bara a nan Madina.

A Jamus Baffa ya karanci likitanci. Wata ranar sanyi muna shan shayi da na'ana'a a gidansa da ke unguwar Ƙuba, sai ya ba ni labarin wani tsohon sojan Jamus na rundunar yaƙin kan duwatsu da ya yi jinyarsa a can, wanda ƙanƙara ta cinye wa yatsun ƙafa can ƙarshen arewacin duniya, a yaƙin duniya na biyu. Da bakinsa sojan ya gaya masa cewa da suke ja da baya sun ƙone ƙauyuka, suna jin ɗumin wutar gidajen mutane.

Na ce, "Baffa, kuma ka ci gaba da wanke masa ƙafa?"

Ya juya kofinsa. "Kullum da safe. Amma daga ranar ban ƙara tambayarsa yadda ya kwana ba."

Tun rasuwarsa ina zuwa aiki ina dawowa, kukan bai zo ba har yau. Allah Ya haskaka kabarinka, Baffa, Ya karɓi aikin hannunka.