Buhun Maganin Ciyawa Zuwa Doguwa

Kano zuwa Tudun Wada

Na bar gida bayan sallar asuba, farkon damina, ɗauke da buhu guda na sabon maganin ciyawa. 'Yan ƙwayoyi ne kamar gero, an cuɗa maganin da sitacin rogo don ya riƙa narkewa a hankali cikin ƙasa, kada ruwan farko ya kwashe shi zuwa rafi. Ofishinmu na malaman gona ya aike ni in kai wa Malam Sule, wani manomin masara a ƙasar Doguwa. Bara feshinsa ya gangara rafi, maruƙan maƙwabcinsa Arɗo Buba suka sha, biyu suka mutu. Arɗo ya ce in aka sake zai tashi, alhali shanunsa ne ke kwana a gonar Malam Sule da rani suna bar masa taki.

Bas ɗinmu ta wuce mararrabar Bebeji tana tari. A shingen Kwanar Ɗangora, ƙasar Kiru, ɗan sanda ya cusa hannu a buhun.

"Malam, dambu ne?"

"Ɗanɗana mana, ranka ya daɗe."

Ya goge hannu a wando, ya ce mu wuce. A Tudun Wada na sha fura da nono, na hau a-kori-kura tare da awaki, muka ratsa dajin Falgore.

Doguwa

Da la'asar na isa. Malam Sule ya karɓe ni hannu bibbiyu, muka yi doguwar gaisuwa. Na ce masa maganin watsa shi ake yi a bushe, kamar takin zamani. Ya ce, "To, madalla," irin "to" ɗin da manomi ke yi wa ɗan boko. Aka kawo tuwon masara, na kwana a zaure.

Da safe na ji daka a cikin gida, na ɗauka hatsi ne. Sai da hantsi na je gona na tarar da shi goye da famfon feshi, ya kusa gamawa.

"Malam Sule, ina ƙwayoyin?"

"Ai na sa an dake su an jiƙa. Magani in ba a daka ba, ina zai kama?"

Raina ya ɓaci, amma aikin gama ya gama. Na ce a ƙone turmin, na kuma faɗa masa gaskiya: yanzu wannan da na bara duk ɗaya ne. Ga hadari ya haɗo daga gabas.

Ya sauke famfon, ya wanke hannu, ya nufi rugar Arɗo ina biye. Ya tsuguna gaban Arɗo, duk da ya girme shi.

"Arɗo, na sake ɓarna. Kada shanunka su sha rafi makon nan. Su zo rijiyata, ni da 'ya'yana za mu ja musu ruwa."

Arɗo ya dubi hadarin, ya ce:

"Bara gawar maruƙa ce ta faɗa mini. Bana kai ka zo da ƙafarka. Ka tanadi guga biyu, Sule, shanuna ba su san kunya ba."

Komawa

Ruwa ya sauko ina cikin mota, ya raka ni har Tudun Wada. Na iso gida bayan magariba a jiƙe, na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Malam Sule da ya ba ni masauki. Lokacin da na baro shi yana bakin rijiya, yana ƙulla sabuwar igiya.