Ranar da Na Kai wa Yumma Hoton Baba

Ko tsufa ya taɓa mini hankali, ranar da na kai wa Yumma hoton Baba ba za ta fita daga raina ba.

Hoto ɗaya tak Baba ya rasu ya bari, ɗan ƙarami, tun na zamanin da yake aikin auduga a Jazira. Ya koɗe sosai, amma Yumma, mahaifiyarmu, a akwatin turarenta take adana shi. Ni kuwa lokacin na fara koyon zane a kwamfuta, kaina ya kumbura. Na lallaɓa ta ta ara mini, da alkawarin zan dawo mata da Baba babba, kamar zai yi magana.

Maɗaba'a da tawada huɗu take aiki: shuɗi, ja mai kama da hoda, rawaya da baƙi, kowace da lambarta. Na bi lambobin fuskar Baba na ɗaga su duka, wai launi ya fito sosai. Da yake na ƙure hasken allon kwamfutata, fuskar sai sheƙi take a idona. Jajibirin Sallah na karɓo babban hoton a naɗe daga wata maɗaba'a a kasuwar Umdurman, na faɗa raksha, babur mai ƙafa uku. Ban ko buɗe ba, don na yarda da kaina.

Ranar Sallah, kawunnai da gwaggonni sun cika tsakar gida, na warware shi ina murmushi. Fuskar ta fito duƙun-duƙun kamar ɗanyen laka na masu bulo a Aljirif. Ba ido, ba zanen askar kumatunsa. Yumma ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Ya waladi, ɗana, wannan waye?"

Da ƙasa za ta tsage, da na shige. Wata gwaggona ta yi ƙarfin hali ta yaba jallabiyar da ke jikin Baba a hoton, abin ya ƙara mini kunya. Yumma ta miƙo hannu ta ce, "Khalas, ya isa, ba ni ɗan ƙaramin nawa." Ta goge shi da bakin mayafinta, ta mayar cikin akwati.

Daga baya na gane cewa allo haske yake fitarwa, tawada kuwa shanye haske take yi. Duk wadda ka ɗora kan wata, duhu ka ƙara. Tun ranar ba na buga komai sai na gwada a guntun takarda, kuma na daina ɗaukar ƙari a matsayin gyara. Hoton da na raina don ya koɗe, a cikinsa kaɗai Yumma take ganin mijinta.