Malam Gwamnati da Rabon Zabin Juma'a

A Ƙofar Taramniya, in ka ce kana neman Malam Jelani sai an tambaye ka wanne. In ka ce Malam Gwamnati, nan take za a nuna maka gida mai darbejiya a ƙofa. Bai taɓa riƙe ko kujerar kansila ba. Sunan ya bi shi ne daga darasin da ya koyar a sakandare har ya yi ritaya, darasin sanin yadda ake mulki. Mahaifinsa hatsi yake sayarwa, ya so ɗan ya gaje shi a rumfa, amma Jelani tun yana ƙarami ya fi son tambayar wa ya naɗa sarkin kasuwa a kan auna gero.

Da tambaya ɗaya yake buɗe wa ɗalibai shekara: me zai sa mutum mai hankalinsa ya yarda wani ya ba shi umarni? Daga nan sai ya bi da su ta kan masanan dā, na Girka da na Bagadaza da na nan gida. Wasu sun ce mulkin mutum ɗaya nagari ya fi, wasu sun ce na jama'a, wasu kuma sun ce ko wa aka ba, kada a sakar masa hannu biyu.

Bayan ritaya, babu abin da yake ƙauna kamar ciyayya. Da an sallame magariba, magidantan layin kowa ya fito da kwanon tuwonsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa a ci tare, kamar yadda ake yi tun zamanin mahaifinsa. Ran Juma'a akan soya zabi, kuma Alhaji Ladan mai atamfa, wanda ya girmi kowa, shi ke rabawa. A nan matsalar take. Alhaji yakan raba, ya fara ɗauka, sannan ya miƙa cinya ga masu yi wa labarinsa dariya. Nasiru tela, da ba ya dariya, wuya ne rabonsa kullum. Sannu a hankali mutane suka fara cin tuwonsu a cikin gida, tabarma ta soma yi wa masu zama yawa.

Malam ya ga abin da ya gada yana shirin watsewa a hannunsa, sai ya kawo maganin da ya fi sani: zaɓe. Aka tsayar da Alhaji Ladan da Gazali direba takarar mai rabo, aka ɗaga hannu. Alhaji ya ci da ƙyar. Washegari waɗanda suka faɗi suka ɗauki tabarmarsu suka tsallaka titi.

"Sannu da aiki, Malam," in ji matarsa Saudatu tana zuba masa miya. "Ka kawo musu dimokuraɗiyya, har an samu 'yan adawa."

Ya yi dariya, amma tuwon bai yi masa daɗi ba. Yana wanke hannu ya gane kuskurensa. Ya tsaya tambayar wa zai riƙe rabo, alhali abin da ya shekara yana koyarwa shi ne yadda za a tsare mai riƙon.

Da safe ya sami Alhaji Ladan a shagonsa. Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, aiki biyu ne a hannunka, rabawa da fara ɗauka. Jama'a sun yarda ka riƙe ɗaya. Ko Gazali ya raba kai ka fara zaɓa, ko ka raba ka ɗauki na ƙarshe."

"Kai Jelani, mi kake nufi? In raba in tsaya kallo?"

"To a ba Gazali wuƙar."

Alhaji ya shafa gemu. "Gazali? Wanda bai san ƙirji da baya ba? Allah shi kiyaye. Ni ka rabawa."

Malam ya san haka za a yi. Tsohon ya fi son wuƙar a kan cinyar.

Ran Juma'a Malam ya tsallaka titi da kansa ya gaya wa su Nasiru sabon tsari, suka biyo shi don su gane wa idonsu. Alhaji ya zauna gaban tire yana kasa nama kamar mai auna zinariya. Ya ɗauke 'yar hanta daga wannan kashi ya kai wancan, ya ja baya ya duba, ya dawo da ita. Kashin da wuya yake ciki kuwa ya sha gyara, har da tsokar ƙirji aka jingina masa.

"Alhaji, miya na hucewa," in ji Gazali.

"Ta huce. Ba kai ka ɗaukar na ƙarshe ba."

Nasiru ya miƙa hannu ya ɗauki cinya, ya yi dariyar da ba a taɓa jin ya yi ba a wurin. Wuya ya rage wa Alhaji, ya ci abinsa yana cewa ai shi dama nan ne ya fi so. Da aka watse, Malam ya leƙa cikin gida ya ce wa Saudatu gobe ta fito da babbar tabarmar nan, ƙaramar ba za ta ishe su ba.